Karatun littattafan soyayya ɓata lokaci ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko karanta littattafan soyayya ɓata lokaci ne, tunda Hajiya tana yi miki faɗa a kai. Ni dai ban ɗauke shi haka ba, amma fa sai kin iya zaɓe.

Tun shekarun 1980 da kasuwarsu ta buɗe a nan Kano, mata da yawa suka ɗauki alƙalami, kuma ba zancen saurayi mai mota kaɗai suke yi ba. Sun taɓo auren dole, da zafin kishi, da halin da mace ke shiga idan an sake ta da goyo a baya, abubuwan da a da sai a ƙuryar ɗaki ake faɗa. Da waɗannan littattafan wasu matan suka goge a karatun boko: a karɓo haya a shagon unguwa, bango ya yage an liƙe da salatif, ana karantawa ana iza wuta.

Akwai na banza kam, masu nuna cewa farar fata da dukiya su ne kyau. Waɗannan ki ajiye su.

Hajiya kuwa kada ki yi jayayya da ita. Ki gama aikinki, ki zaɓi mai ma'ana ki karanta mata da daddare, ki ji me za ta ce.