Tsohuwar Peugeot 504 ɗin nan, a tashe ta ko a yanka?

Jiya muna wanke hannu ka ce min, "Oga, 504 ɗin da aka jawo mana daga Agege, tunda injinta ya tashi, me zai hana mu gyara ta?" Magariba ta kawo kai shi ya sa ban amsa maka ba. To, saurara.

Inji ba ya ɗaga min hankali. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, a kamfanin da ya fara aiki a 1975. Fistin, kafireta, giyabos, in ka zaga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, da haƙuri ba za ka dawo hannu rabbana ba. Abin da ba ka samu a kasuwa shi ne ƙashin mota.

Ita ba ta da shasi daban irin na tifa. Jikinta shi ke ɗauke da ita. Saboda haka ka rabu da fenti, ka kwanta a ƙasa. Duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da inda ake kafa jak. Buɗe bonet ka duba inda kan shokoba yake zama. Ɗage kafet, ka caka sukundireba a daɓen. In ta yi ƙara ta dawo, alhamdulillahi. In ta nutse kamar ka caki gurasa, ƙarfe ya mutu. Sannan ka ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ka bi gefen motar da shi; duk inda ya ƙi kamawa, wani ya riga mu shafe rami da fila.

Kuma ka tuna a Legas muke. Motar da ta tsufa a Sakkwato, rana ce ke cinye fentinta, ƙarfen yana nan garau. Nan kuwa iskar teku da ruwan da ke kwanciya a titi su ke shiga lungunan da hannu ba ya kai. Tsatsa daga ciki take ci, sai ta gama ta leƙo waje.

Na taɓa karɓar wata don tana sheƙi. Na yanke tafin hannu ɗaya zan yi faci, na sa walda, gefen ya ƙone ya zube. Na ƙara yanka, na ƙara. Wata bakwai tana tare min gareji, ƙarshe ni na yi ciko daga aljihuna.

In wuraren da na ce ka duba sun ruɓe, sai a yanka, amma ba da gatari ba. Gilasai, fitilu, bamba, hannun ƙofa, dashbod, har tambarin zakin, a kwance su a hankali, masu irinta na nema. Gangar jikin ta tafi Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafa, a auna a kilo. Kafin nan lambar shasi ta dace da takardu, mai mota ya sa hannu, don ba na son kwanan ofishin 'yan sanda.

Sai dai Alhaji mai motar ya ce ta mahaifinsa ce, cikinta aka kai shi makaranta. Irin wannan ba lissafin kasuwa yake yi ba. Zan gaya masa gaskiya, cewa gyaran zai iya fin kuɗin motar, in ya amince ya riƙa biya kashi-kashi.

Gobe da safe ka ɗora ta a rami, ka zo da tocila. Kai za ka fara cakawa, ina kallo.