Amsa: Amurka da China, ciniki ko haƙƙin ɗan Adam?

Malam, ka tambaya me ya sa Amurka ke caccakar China kan haƙƙin ɗan Adam alhali kayan China sun cika shagunanta. Wannan tsohuwar magana ce, kuma tun zamanin Bill Clinton aka yanke ta.

A yaƙin neman zaɓen 1992, Clinton ya yi ta sukar George Bush babba, wai yana lallaɓa shugabannin Beijing bayan kisan masu zanga-zanga a kewayen dandalin Tiananmen na Beijing a 1989. Da ya hau mulki, a 1993 ya sa hannu kan umarni cewa sai China ta gyara hali kafin a sabunta mata sauƙin harajin shigo da kaya. China ta yi kunnen uwar shegu. Manyan kamfanoni irin su Boeing, masu jiran cinikin jiragen sama, suka taso shi a gaba. A Mayun 1994 Clinton da bakinsa ya raba batun ciniki da na haƙƙin ɗan Adam. A 2000 majalisar dokokin Amurka ta mayar da sauƙin na dindindin, sai China ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a Disamban 2001.

Hujjar Clinton da masu goyon bayansa ita ce arziki zai sassauta mulkin jam'iyyar kwaminis. Ni dai ban ga alamar haka ba, musamman bayan abin da aka yi wa Musulmin ƙabilar Uyghur a yankin Xinjiang na China.

Turai ta ɗan fi tsayawa, amma fa sai da abin ya taɓa ta. Majalisar Turai ta jingine yarjejeniyar zuba jari da China a Mayun 2021, bayan Beijing ta ƙaƙaba wa wasu 'yan majalisar takunkumi.