Dalilan Kafa Masana'antu: Ɗauki Kaduna Misali

Ƙanena, ka tambayi yadda ake amsa tambayar WAEC kan abin da ke jawo masana'anta wani wuri. Kada ka je nesa, leƙa Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki a 1957 domin auduga na kusa, daga Zariya, Funtuwa da Gusau. Ga ruwan Kogin Kaduna na wanki da rini, ga mahaɗar jirgin ƙasa daga Legas da Fatakwal, ga ma'aikata birjik.

Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 kuwa lamarinta daban ne: ɗanyen man ta bututu aka riƙa kawo shi tun daga Neja Delta. Kasuwar Arewa da shawarar gwamnati suka kawo ta nan. Kawo misalan biyu gefe da gefe. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki.