Yaya ake auna abin da bai daɗe ko ƙiftawar ido ba?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. An ce top kwak, ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta da ake kira kwak, na mutuwa da zarar an samar da shi. To ta yaya aka san nauyinsa?

Amsa: Ɗiyata, ƙiftawar ido ma ta yi tsawo. Rayuwarsa kusan daƙiƙa 5×10⁻²⁵ ce, wato sifili 24 bayan ɗigo kafin ki rubuta 5. A wannan ɗan lokaci ko haske bai isa ya ƙetare faɗin furoton ɗaya ba, wato ƙwayar da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Ba na'urar da ta taɓa kama shi da kansa.

Ana bin sawunsa ne. In tulu ya fashe, kika tattara tsingaron kika auna, kin san nauyin tulun ko ba ki gan shi a tsaye ba. Kusan kullum top kwak na rabuwa biyu: wata ƙwaya da ake kira bozon W, da wani kwak da ake kira b. Shi b ɗin yakan yi tafiyar ƴan milimita kafin ya tarwatse, wannan ƴar tazarar ce ke tona shi. W kuwa, galibi ko dai ya zama feshin ƙwayoyi biyu, ko ya ba da elektaron ko ɗan'uwansa miyuwon tare da wata ƙwaya da ake kira niyutirino. Niyutirino kan sulale ba a gani, sai a gane shi daga giɓin da ya bari a lissafi, kamar mai shago da ya ƙirga ciniki ya ga bai cika ba.

A haka gwaje-gwajen CDF da D0 suka gano shi a 1995 a cibiyar bincike ta Fermilab, kusa da Shikago a Amurka. Yau gwaje-gwajen ATLAS da CMS ke ci gaba da aikin a cibiyar bincike ta CERN, cikin zoben na'urar kara ƙwayoyi mai tsawon kilomita 27 a iyakar Faransa da Siwizalan. Nauyin da aka samu kusan GeV 173 ne (GeV ma'aunin nauyin irin waɗannan ƙwayoyi ne), ya ninka na furoton fiye da sau 180.

Abin da ya fi burge ni shi ne gajartar ransa ita ce amfaninsa. Sauran kwak sukan manne da ƴan'uwansu kafin su rabu, halinsu ya gauraye. Shi bai samun wannan lokaci, don haka yanayin juyawarsa yana wucewa kai tsaye zuwa ga ɓaraguzansa, a karanta shi daga kusurwar da kowane ya fita.