Wane ne Vinson da har aka sa wa dutsen Antatika sunansa?

Tambaya: Malam, na ji an ce dutse mafi tsawo a nahiyar Antatika sunansa Vinson. A ina yake, kuma wa ya raɗa masa wannan suna, tunda babu mazauna a can?

Amsa: Dutsen Vinson yana cikin jerin duwatsun Sentinel, wani sashe na tsaunukan Ellsworth a yammacin Antatika, kimanin kilomita 1,200 daga ƙarshen duniya na kudu. Tsawonsa mita 4,892 ne, wato bai kai Kilimanjaro ba. Da farko ana rubuta mita 5,140, daga baya aka koma 4,897, sai a 2004 aka sake auna shi da na'urar GPS aka gyara.

Ƙarshen tambayarka shi ne gaɓar maganar. Duwatsun sauran nahiyoyi, mutanen da ke gindinsu ne suka fara kiransu da suna. Antatika kuwa ba ta taɓa samun 'yan asali ba, don haka wanda ya fara isa shi ke raɗa suna. Wannan dutse ma ba wanda ya taɓa ganinsa sai a watan Janairun 1958, lokacin da jirgin saman sojan ruwan Amurka da ya tashi daga sansanin Byrd ya hango shi. Kwamitin Amurka mai kula da sunayen wuraren Antatika ya sa masa sunan Carl Vinson, ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya, wanda ya shafe shekara 50 a majalisa, ya kuma tsaya tsayin daka wajen ganin an ware kuɗin bincike a nahiyar. A 2006 kwamitin ya raba sunan biyu: ƙololuwar ita ce Mount Vinson, tarin tsaunin gaba ɗaya kuma Vinson Massif.

Ni a ganina wannan tsari yana da rauni, kuma abin yana damuna. Sunan ba ya gaya maka komai game da siffar dutsen ko ƙanƙarar da ta lulluɓe shi, sai dai ya nuna maka wace ƙasa ce ke da jirage da kuɗi a wancan zamani. Sunan Sentinel ya fi kwanta mini a rai. Lincoln Ellsworth, wani Ba'amurke mai binciken ƙasa, shi ne ya sa shi bayan ya ratsa wurin ta sama a 1935, ma'anarsa mai gadi, saboda yadda duwatsun suka tsaya ƙyam a tsakiyar fili.

Sa suna dai ba mallaka ba ce. Wurin yana cikin yankin da Chile ke cewa nata ne, amma yarjejeniyar Antatika ta 1959 ta jingine duk irin wannan da'awa.

A Disambar 1966 aka fara hawansa, ƙarƙashin jagorancin Nicholas Clinch. Masu hawa a yau suna tashi ne daga Punta Arenas a Chile, tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can.