Ya fasa aurena kuma ya riƙe min kuɗin adashe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Tanti, dan Allah shawara nake nema. Ni a Garin Malam nake nan Damagaram, ina sayar da atamfa da turaren wuta a gida. Akwai wanda muka daɗe tare har iyaye sun shiga maganar, bara da na kwashi adashe yace in ranta masa jika 300 (sefa 300.000) ya cika ya sayi moto ya riƙa kabu-kabu, duk wata zai bani jika 25 har su ƙare. Sau biyu ya bani shikenan. Jika 200 ta kamfanin tura kuɗi na Nita na tura masa lokacin yana Agadas, 100 kuma hannu da hannu a zaurenmu gaban yayana. Yanzu shi da kansa yace ya fasa, har an sa masa rana da wata, da nayi masa maganar kuɗina sai yace ai shima ya kashe min, wayar hannuna da ɗinkin salla wa ya saya? Wlh ko bacci bana iyawa. Ƙawayena sunce in sa hotonsa a Facebook in tona masa asiri, mamana kuma tace in barshi da Allah kar a ce haushin fasa auren ne. Ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya huci zuciyarki ya musanya miki da mafi alheri. Jika 250 ɗin nan haƙƙinki ne kuma neman su ba abin kunya bane, amma sai kin raba su da maganar soyayya, don shi dabarar da yake yi kenan, ya cakuɗa rance da kyauta har ke kanki ki rasa bakin zaren.

Waya da ɗinkin salla kyauta ce, babu ranar da yace ki biya. Malamanmu na Malikiyya ma sun yi bayani a kan kayan da ake bayarwa lokacin neman aure, in namijin ne ya fasa ba shi da ikon karɓar abin da ya bayar, in macen ce ta fasa sannan zai iya nema, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. To a nan waye ya fasa? Shi. Kuɗinki kuwa an faɗi adadi, an yanka yadda za a biya, har ya fara biya sau biyu, kinga wanda aka yiwa kyauta ai baya maido ta kashi-kashi duk wata. Wannan biya biyun da kike rainawa sune babbar hujjarki.

Kafin ki sake ce masa uffan, ki tattara abin hannunki. Resin Nita in yana nan ki ɗau hotonsa ki adana, in ya ɓata ki koma inda kika tura da katin shaidarki da kwanan watan ki roƙi su duba miki. Duk wata hira ta WhatsApp da saƙon murya da aka ambaci kuɗin moto kar ki goge, na san idan rai ya ɓaci abu na farko da 'yammata keyi shine share hira da toshe lamba, dan Allah kar kiyi, ki tura su wata waya ma. Sannan ki rubuta masa saƙo gajere cikin ladabi ba zagi ba gori, kice cikin 300.000 na moto ka bani 50.000, saura 250.000, yaushe zaka ci gaba? Ki sa adadin da lambobi na sefa, kin san lissafinmu na dala da jika yana rikita magana gaban manya. Ko cewa yayi ki ƙara haƙuri babu yanzu, ya amsa bashin kenan.

Ita kuma jika 100 ta zaure, yayanki ya gani, ki tuna masa tun yanzu. Ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa ya kawo hujja, wanda ya musa ya rantse, kuma a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya da rantsuwar mai haƙƙi a sha'anin dukiya, duk da dai zai iya cewa ɗan'uwanki ne, shi yasa nake son ya amsa da bakinsa a saƙo. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma wa ke tuna takarda lokacin da ake zance a zaure.

In ya yi kunnen uwar shegu, sai manya. Ba ke zaki je gidansu ba, ki sa yayanki ko kawunki ya sami mahaifinsa ko wanda ya zo neman aurenki a madadinsa, mutumin da ke shirin biki ba ya son sabbin surukai su ji ana binsa bashin tsohuwar budurwa. In nan bata yi ba akwai mai unguwa, akwai fadar Sarkin Damagaram, dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a irin wannan rigima. Duk abin da aka tsayar a rubuta, ya sa hannu, shaidu su sa hannu, da ranar biya. In da gaske babu ce, a sassauta masa ko jika 15 ne a wata, Allah ma yace a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, amma moton nan tana kan titi tana shigo da kuɗi kullum, kuma hadisi ya tabbata cewa jan kafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne.

Kotu ce ta ƙarshe, kuma da resi da saƙonsa da takardar sulhu a hannu kina da abin nunawa, sai dai ki fara tambayar abin da zaki kashe. Komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba wurin karɓar rance bane sai in akwai zamba a ciki.

Maganar Facebook kuwa ki manta da ita. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, a 2024 kuma aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, sai ki wayi gari ke mai bin bashi kece ake kira ki amsa tambaya, ƙawayen da suka zuga ki kuma ba wadda zata raka ki. Ita mama tsoron bakin mutane take, ki zauna da ita ki nuna mata resin, ki ce mata ba ke zaki yi magana ba kawu ne zai je, kuma a je tun yanzu kafin kuɗin moton su tafi a kayan lefe.