Ayaya ta mamaye mini fangalin seleri

Tambaya: Ina noman seleri na sayarwa a bakin kogin Binuwai, kusa da Garwa. Duk sati sai mun yi noma, amma ayaya sai ƙaruwa take yi. Akwai maganin feshin da zai kashe ta ya bar seleri? Daga wani mai lambu.

Amsa: Malam, noman da kuke yi da fartanya na cikin abin da ke ƙara ta. 'Ya'yan ayaya suna ƙarƙashin ƙasa a jere, saiwa ɗaya ta sarƙe su, kuma yawancinsu barci suke. Da fartanya ta tsinke sarƙar sai su farka, kowane ya tsiro. Shi kuwa seleri jinkirin tashi gare shi, saiwarsa ba ta nisa, ba ya iya kokawa da ciyawa a makonni shidan farko bayan dashe.

Maganin nata a bazara yake. A Maris ko Afrilu, ka ɗauke ruwa, ka kafce ƙasar kamar zurfin santimita 20, ka bar rana ta gasa 'ya'yan sati biyu, ka sake juyawa, sau biyu ko uku. Bushewa ce ke kashe su. Kafin dashe kuma ka gyara fangali, ka ba shi ruwa, ka jira ayayar ta yi ganye sosai, sannan ka fesa maganin kashe ciyawa na gilifoset bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Ba ya bambance shuka da ciyawa, don haka kada ya kusanci fangalin da aka riga aka dasa. Magungunan feshi na linuron da prometrin, da ake amfani da su a gonakin seleri a Amurka, sun fi kama ciyawa mai faɗin ganye, ayaya ba ta cika jin su ba.

Wadda ke cikin seleri yanzu, a cire ta da hannu bayan ban ruwa, tun ba ta kai ganye biyar ba, domin daga nan take fara sabbin 'ya'ya. Sai a shimfiɗa tattakar shinkafa da kauri, tunda ayaya ba ta son inuwa. Baƙar leda kuwa huda ta take yi.

In akwai fasa ƙaba ko kiri-kiri, a kwashe abin da aka cira a fitar waje. Aka bar shi a kan danshi sai ya sake kamawa. Kashin shanu ma sai wanda ya ruɓe, ɗanye da irin ciyawa yake zuwa.